Tagar da ke Kallon Ƙasa

Tasi'u ne ya biya mana a Tarkwa,
ni da tumatir ya kawo ni Legas,
ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.
Baba Sewanu ya taka cikin kwale-kwalen:
gilashi ne, ku leƙa, kifi na jira.

Muka durƙusa kamar masu neman allura.
Ruwan kore, miyar kuka da ta tsinke.
Leda ta wuce a hankali,
sai silifas ɗaya, na hagu.
Tasi'u ya ce a ba shi kuɗinsa.

Kusa da duwatsu aka kashe inji.
Aka ɗaura mini rigar ceto,
tabarau mai matse fuska,
bututu a baki, gishiri da roba.
Bisimilla uku. Na kifa.

Legas ta yi tsit.
Ba hon, ba janareta, ba mai kiran Oshodi,
sai numfashina, yana shiga yana fita
kamar na wani mai barci a gefena.
Can ga ƙananan kifaye, ba su kai yatsa ba,
suka tsaya daidai hancina,
suka juya lokaci guda
kamar sahu ya yi sallama.

Minti goma kawai, in ji Baba.

Da dare, kwance tsakanin kwanduna,
ƙasa na ta lilo da ni.
Na kira Inna a Gwaram.
Ta ce, me ka gani?
Na ce, kifi.
Ta ce, nawa suke sayarwa?