Ƙwaya Bakwai a Cikin Batta

Ran Alhamis Kellu ta shigo Damagaram,
motar Gidimuni ta sauke ta a Kasuwar Dole.
Da ƙafa ta ƙaraso Birni, laka a bushe a dugaduganta,
ta tsaya bakin maƙerata, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Ta kwance bakin zane, ta ciro battar taba,
tsohuwa, tsatsa ta ci murfinta.
Ta juye mini a tafin hannu: ƙwaya bakwai.
Na zaci tsakuwar shinkafa ce,
sai rana ta faɗa kansu,
ban sake cewa uffan ba.

"Shekara goma sha tara," in ji ta,
"in ruwa ya ja baya nakan shiga tafki.
Can ƙafa ke gani, ido hutawa yake.
In taka ƙumba, in sunkuya, in jefa a masaki.
Ɓawon nake nema, masu kankarar ƙorai ke saye,
dala-dala. Ban taɓa shiga don wannan ba.

"Ka ɓare ɗari, ka ɓare dubu, sai ƙarni.
Matsattsaku sun sha jinina har sun san ni.
Wata rana wuƙa ta ce ƙas a cikin naman,
na tsince ta, na ɓoye a kumatu,
har na isa gida ban tofar da miyau ba."

Ni Lawandi, azurfa na gada wurin ubana,
warwaro, zobe, 'yan kunne, duk na ƙera.
Amma lu'ulu'u ba ya son wuta,
bai san zugazugi ba, bai san masaba ba.

Sai na wasa allura, na kafa ta a kara,
ina murzawa tsakanin tafi da tafi,
ɗigon ruwa, murza, ɗigon ruwa.
Ruwan kuwa na garuwa ne, da kuɗina na saya,
famfon unguwarmu kwana shida ko tari bai yi ba.

Ta farko ta huje. Ta biyu mai kama da haƙorin jariri.
Ta uku ruwan toka, ta huɗu da ƙusumbi,
ta biyar kamar an shafa mata lalle.
A ta shida ladan ya ɗaga murya, hannuna ya motsa,
ta rabe biyu.
Gumi ya keto mini, ban iya ɗaga kai ba.

Kellu ta ɗauki rabin, ta kai kusa da ido.
Ɓawo kan ɓawo ne, kamar albasa,
can tsakiya wani ɗigon baƙi.
"Ashe abin da ya soke ta ne take ta lulluɓewa,"
ta faɗa, ta yi 'yar dariya.
Ba ta zage ni ba.

Mutari mai tireda ya leƙo da sarƙoƙinsa,
farare ƙal, kowace ƙwaya ƙanwar 'yar'uwarta.
"Jika ɗaya igiya guda. Naki duk karkatattu ne,
amma kawo, in taimake ki."
Ta dube shi kamar yadda ake duban hadarin kaka.
"Wa ya ce maka talla na zo?
Wuyana bai taɓa ɗaukar komai sai tulu ba."

Na ja azurfa siririya kamar gashin wutsiyar doki,
na jera shida, na raba su da ƙulli,
inda ta fashe na bar gurbi, faɗin yatsa.
Haka ta so. Ta ce kada in cike,
tafkin bai ƙafe ba.

Ladana dabino mudu biyu, da ɓarin nan guda biyu.
Ta ɗaura, ta gyara mayafi, ta bi ta tsakanin duwatsu,
ko madubi ba ta nema ba.

Bayan kaka wani direba ya ce ya gan ta,
ruwa har ƙirji, masaki na yawo gefenta,
wani abu na walƙiya a wuyanta in ta sunkuya.
Ɓarin biyu suna nan cikin battar, kan taga.
Kullum nakan ce gobe zan yi musu gidan azurfa,
har yau ban hura wutar ba.