Kuɗin Itace

Shekara tara ina rubuta x a allo
a makarantar da ke bayan tashar Kurna.
Ɗalibai tamanin da huɗu, benci goma sha ɗaya,
fanka guda, ita ma ta yi ritaya.

Wata Laraba Mudassir ya ɗaga hannu,
shi da ba ya ɗagawa sai fitsari ya matse shi.
Ya ce, "Malama, wannan x da muke ta nema,
in mun same shi, wa za mu kai wa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.
Tambayar ta biyo ni cikin adaidaita,
ta matse ni har Rijiyar Lemo,
ko kuɗin mota ba ta biya ba.

Washegari na goge allo fes.
Na ce, "A rufe littafi.
A kawo mini lissafin da ya gagari gidanku."

Shiru, har ana jin mai rake a waje.
Can sai Lawisa, baki cikin hijabi:
"Innarmu na suyar awara tun asuba.
Kullum ciniki, kullum babu kuɗi.
Ta ce ko hannu aka sa mata."

Muka zuba a allo:
waken suya kwano biyu, kuɗin niƙa,
man gyaɗa, ruwan tsami, yaji, leda.
Aka tara, aka ɗebe, ga riba ta fito sarai.
To ina take shiga?

Mudassir ne ya miƙe, har benci ya yi ƙara:
"Malama, wutar fa? Da me ake suyar?"

Itace!
Ba wanda ya taɓa ƙirga itace.
Ashe x na nan kwance a murhu,
yana cin riba da safe,
da yamma a kwashe tokarsa a zubar.

Bayan mako biyu Lawisa ta ajiye mini ƙunshi,
da ɗuminsa, mai ya ɓata mini rajista.
"Inna ta ce a gaida ajin.
Yanzu su uku ke haɗa kuɗi su sari kura guda."

Daga nan allo bai sake hutawa ba.
Ɗan tela ya kawo yadin Kwari da ba ya isa riga,
Zinatu ta kawo takardar wuta da babanta ke zargi,
wani ya zo da adashin kakarsa, ya rikice tun azumi.

Ba zan yi ƙarya ba:
har yau akwai masu barci a layin baya,
fanka ba ta farfaɗo ba.
Amma Mudassir ya ci sittin da bakwai,
ya naɗe takardar, ya sa a aljihun gaba,
bai ko tsaya ƙwallo ba.

Ya san wanda zai kai wa.