Basillar Kawu

A Shiyar Madunka, ƙarƙashin rumfar kara,
kawuna Mainasara na huda jar fata
da basillar da ba ta yi kama da ta kowa ba:
baƙa, mai kusurwa huɗu, kanta a dandaƙe.

"Wagga," in ji shi, "ƙusar jirgin ruwa ta."
Shi da bai san ruwan da ya wuce Rima ba
ran da ta cika ta hau gonakin Kwalkwalawa.

Wai Turawan Fotugal ne, can da,
tun ba a aza tubalin farko na garin nan ba,
suka jero jirage fiye da talatin
don su ci wani birni na bakin bahar, bayan hamada.
Sun zo da igwa, da tsani, da tuta,
har da kwaɗon da za su garƙama wa ƙofa.
Iska ce kaɗai ba su yi shawara da ita ba.
Kwana uku tana mai da su baya,
kwana uku mutanen gari na bisa ganuwa
suna ƙirga su kamar awaki,
suna aika kira cikin duwatsu.
Da ƙafarsu ta taɓa yashi
babu wanda bai wasa takobinsa ba.

"Sunka taho cin gari," in ji kawu,
"gari yac ci su, ruwa yas suɗe kwano."

Wani yaro ya zare ta daga ruɓaɓɓen katako,
ya sayar a kan dabino.
Ta kwana a jakar Buzu, ta sha zafin Agadas,
har ta faɗo hannun kakan kakanmu
a cikon cinikin fatu goma.

Na kai ta wa malaminmu na tarihi.
Ya juya ta, ya shinshina, ya ce
ƙila ta tsohuwar kurar shanu ce.

Na gaya wa kawu. Bai ɗago ba.
Ya ce shi ba sarkin yaƙin ke ba shi tausayi ba,
maƙerin ne,
wanda ya kwana gaban wuta yana dukan ƙarfe
bai san inda za a kai shi ba.
"Shi kau ya yi aikinai. Duba, ko lanƙwasa."

Ya lasi zare, ya zura,
ya ci gaba da ɗinkin kube.