Ta Dama Muke Bi

A ɗakin kwanan ɗalibai a Dutse
Jazuli ya tambaye ni wane gem na fi so.
Na ce ƙwallo.
Ya yi dariya har da tafa hannu:
ku 'yan ƙauye duk bakinku ɗaya,
ba ku san na labari ba, wanda ake wata uku ana bi,
ba ku san na harbi ba, mutum ɗari a fage guda.

Ban ba shi amsa ba a daren.
Ga ta yanzu.

Akwati ɗaya ne ya iso garinmu,
baƙi, ɗan gwanjo, da tabon wuta a gefe.
Bara'u mai cajin waya ne ya ɗauko shi daga Kano
cikin buhun taki, shekarar da riɗi ya yi kuɗi.
Faifai huɗu aka haɗa masa.
Uku sun karce tun kafin motar ta wuce Ringim,
na huɗun ne ya yarda ya yi magana,
shi ma da yaren da ko malamin firamare bai iya ba.
Sai muka haddace hanya kamar ta rijiya:
ƙasa sau uku, danna mai zobe,
jira ya gama tari,
fili ya buɗe kore shar.

Ka ce na labari.
Da me za mu ajiye labarin?
Ba mu da katin ajiya,
janareta kuwa kwalba ɗaya yake sha ya kwanta.
Naira ashirin, minti biyar,
yara tara a kan benci suna ƙirga maka numfashi.
Wanda ya fara doguwar tafiya a nan
gobe ma daga bakin ƙofa zai tashi.

Ka ce na harbi.
Sabis ɗinmu yana kan tudun bayan makabarta,
sanda ɗaya, in iska ta ga dama.
Kafin ka ɗaga bindiga an yi sadakar ukunka.

Hannuwan gem biyu ne, ɗaya gurgu,
maɓallin hagunsa ya nutse tun ranar da Tsalha ya sha biyar da nema.
Aka rasa mai gyara, aka rasa na saye,
sai gari duka ya koyi kai hari ta dama.
Har a filin makaranta, da ƙwallon gaske,
ka tsaya ka gani:
gefen hagu ciyawa ta tsiro, awaki na kiwo,
gefen dama ya zama turba.

Ƙanwata Hansatu ba ta shiga shagon.
Nata maciji ne, a wayar Inna mai tocila,
yana ci yana tsawo har ya ciji kansa.
Makinta na nan har yau a wayar,
ba ɗan birnin da ya kamo shi.

An ce rashin tuwo kan sa a ci wake a kwana.
Ba a faɗi sauran ba:
wanda ya girma da waken
ko an girka masa shinkafa, ƙamshinsa yake nema.

Jiya ka miƙo min naka, sabo fil, ba waya a jikinsa,
yana rawa a tafin hannu kamar ɗan tsako.
Kowane maɓalli da ransa.
Na ci ka uku da ɗaya.
Ka ce, wai kai ba ka san akwai hagu ba ne?

Na sani, Jazuli.
Babban yatsana ne bai taɓa zuwa can ba.