Cokali Ɗaya na Romo

Shekara arba'in ina ciyar da Onomichi,
masu gyaran jiragen ruwa, 'yan makaranta, direbobin tasi,
kwano bayan kwano na taliya cikin romon kifi,
ban taɓa lura da yadda mutum yake haɗiya ba.
Wa yake lura?
Haɗiya 'yar'uwar ƙiftawar ido ce,
sai ta juya maka baya ka san aiki take yi.

Tawa ta juya mini baya ran wata Talata.
Ludayi ya suɓuce daga hannun dama,
baki ya karkace kamar ƙyauren da ƙusarsa ta fita.
Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita.
Ƙafa ta dawo da jan jiki, hannu ya biyo sawu,
amma ruwa, ruwan da jinjiri ke sha ba darasi,
sai ya yi ɓatan kai ya bi hanyar numfashi.
In yi ta tari har idanu su kaɗa.

Suka haska mini maƙogwarona a allo,
inuwa na gangarawa cikin inuwa.
Ga mararraba, ga wata 'yar ƙofa
da ke makara wajen rufewa.
Ashe shekara saba'in da ɗaya ina da mai gadi
ban taɓa gaishe shi ba.

Hirasawa, mai koyar da haɗiya, sa'ar jikata ce.
Ta zo da madubi da ƙwallon roba.
Ta ce pa, na ce pa.
Ta ce ta, ka, ra.
Pa ta leɓe ce, ta kuwa ta tsinin harshe,
ka tana can ƙuryar baki inda ɓarnar take,
ra mai naɗe loma.
Ni da muryata ke tsallaka titi,
ga ni ina bitar baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya.

Riƙe harshe tsakanin haƙora, haɗiyi yawu.
Danne ƙwallon da haɓa, ƙirga goma.
Kwanta rigingine, ɗago kai, kalli yatsun ƙafarka.
Na kalle su har na haddace su,
babban na hagu ma farcensa ya tsage, ban sani ba.

Wata rana na yi jifa da ƙwallon.
Ya bugi bango ya gangaro gindin kujerarta.
Ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauka, ta goge da gefen riga,
ta ce, mun tsaya a shida.

A gida Fumie na zuba gari a shayina
har ya yi kauri kamar kunun shinkafa.
Tana cin nata abincin a tsaye, a kicin,
ta saki famfo don kada in ji motsin bakinta.
Ina ji.

Sanyi ya wuce da ni ina pa-ta-ka-ra,
a wanka, a gaban talabijin, a kan matakalar unguwa
inda kyanwoyi ke dubana kamar wanda ya zautu.
Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe,
ni kuwa na daɗe.

Ranar da itatuwan tudu suka yi fure
Noboru, yaron da na bar wa tukunyata,
ya hawo da romo a ƙaramin kwano.
Hirasawa ta ce, zauna sosai. Sunkuyar da haɓa.
Cokali ɗaya.
Ta ɗora yatsu a wuyana.

Ɗumi ya kwanta a harshe, ya tsaya, ya yi shawara,
sai na ji ƙofar ta rufe a kan lokaci.
Ya wuce.

Ɗakin ya yi tsit, ana jiran tari.
Fumie ta damƙe bakin tebur.
Yi magana, in ji Hirasawa, in ji ko muryar ta jiƙe.

Na dubi Noboru.
Na ce, yaro, gishirinka ya yi yawa.