Tafintan Kotu a Adum

Aikina juya magana:
alƙali ya faɗa da Turanci, in sauke ta da Hausa
a kunnen wanda gwiwarsa ke rawa.

Ran Talata aka kawo Mumuni,
ɗan dako daga Aboabo,
kan buhu ɗaya na shinkafar Tailan
da ya ɓace tsakanin mota da sito.
Wata takwas, in ji alƙali.
Wata takwas, in ji ni,
da bakin da ya ci shinkafa da waken uwarsa da safe.

Buhu ɗari huɗu kuwa
da suka bi dare daga wannan siton,
da sa hannun ofisa, da hatimi,
an ɗage zamansu: lauya na mura.
An ɗage: alƙali ya tafi jana'iza Mampong.
Yau magatakarda ya ce gara ta ci fayil.
Gara mai ilimi! Ta bar bango,
ta bar kwanan wata,
suna kawai ta lashe.

Ofisan ya wuce ni a matakala,
turarensa ya riga shi sauka.
Ya danƙa mini sidi hamsin: “Sha ruwa, Malam.”
Ban ce a'a ba.
Suna aljihuna a ninke,
sun fi buhun Mumuni nauyi.

Da yamma a Kejetiya uwarsa ta tare ni:
“Malam Issaka, me doka ta ce?”
Harsuna huɗu nake ji.
Na laluba su duka,
na ce mata motar Aboabo ta kusa cika.