Littafin Lissafin Adda Jebbu

Ni ke riƙe da biro a gidan nan,
abin da zan faɗa, da lamba na san shi.

Shekarar da tumatir ya yi kwantai a Dadin Kowa
kwando arba'in muka jera bakin titi
muna jiran motar Gidado daga Gombe.
Ta kwana ba ta zo ba. Ta sake kwana.
Rana ta uku ƙudaje suka buɗe ciniki,
jan ruwa na bin kwalta kamar an yi yanka.
Da ya iso ya toshe hanci,
ya taya kaya kuɗin da bai kai na kwandon ba.

Adda Jebbu ko ƙwalla.
Ta ce, "Njidda, rubuta:
rana ta ci mana arba'in.
Tunda ta ci, gobe sai ta yi mana aiki."

Ta ari wuƙa shida, ta yanka gidan sauronta,
ta kafa gadon kara ya kai ƙugu
don kada kauɗa ta sha yashi.
Muka kai niƙa injin Lamela,
muka ƙulla a leda, muka liƙe da kyandir.
Har yau babban yatsanta da tabon.

Kashin farko ya yi fumfuna.
Shafi na tara, na ja masa layi biyu.
Banki ya ce a kawo takardar fili,
ta ce filin na kakanta ne, shi kuwa bai bar takarda ba,
ya dai bar tsamiya a kan iyaka.
Suka yi dariya. Ta gyara mayafi.
Adashin mata goma sha ɗaya ya sayi sikeli.

Ba ta san baƙi ba, amma in na ci sifiri
daga ƙofar madafa take jin ƙamshinsa.
Ran biya ita ce ƙarshe a layi,
wani watan ma layin kan ƙare kafin ya iso ta.
Da Hajjo ta haihu, ba a soke sunanta ba.
"Hannu ne ya huta," in ji ta, "baki bai huta ba."

Marka ta zo, tumatir ya zama ɗan sarauta,
ƙwaya huɗu sai a juya a ƙirga kuɗi.
Sai ga Gidado, hula a hannu.
Na so ta bar shi a rana kwana uku.
Ta ba shi kujera da ruwan randa,
ta faɗi farashi sau ɗaya,
ta koma tana tsince tsakuwa a faifai
har ya gaji da tari ya zaro kuɗin.

Ba mu yi arziki ba tukuna, kar a yi ƙarya.
Akwai bashin leda, rufin rumfa na yoyo,
injin da take mafarki yana can a hoton kalanda.
Amma jiya a kasuwar Kumo
na ji wata na cewa, "Ba ni na Jebbu,"
ba ta ma san mutum ce ba.

Na dawo na gaya mata. Ta ce,
"Wannan ba ya shiga lissafi.
Duba min ko hadari ne can, mu kwashe shanya."